Yadda manhajar sarrafa shafin intanet mai buɗaɗɗen tushe take aiki, da abin da ake biya wa kuɗi a cikinta

Sakataren wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa a Marwa ya aiko da tambaya mai rassa uku. Ya ce ƙungiyarsu tana son buɗe shafin intanet domin sanar da farashi da ranakun taro, kuma matashin da suka nema ya gina musu ya ce zai yi amfani da WordPress, wadda a cewarsa kyauta ce, amma sai ga shi ya kawo musu lissafin kuɗin da za a riƙa biya duk shekara. Yana son sanin yadda manhajar take aiki, da dalilin biyan kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne, da kuma ko barin asirin manhajar a fili ba zai sauƙaƙa wa masu kutse shiga shafin ba.

Malam Sakatare, matashin bai yi maka ƙarya ba a kan ko ɗaya daga cikin maganganun biyu, sai dai bai yi maka bayanin da zai haɗa su ba. Zan fara da yadda abin yake aiki, domin idan ka gane wannan, amsar sauran tambayoyin biyu za ta zo da sauƙi.

A farkon zamanin intanet, kowane shafi fayil ne mai zaman kansa wanda ake rubutawa da hannu cikin harshen HTML, inda rubutu da ado da jerin hanyoyin shiga sauran shafuka duk suke cakuɗe wuri guda. Idan ƙungiya tana da shafuka ɗari biyu, sannan lambar wayar ofis ta canza, dole ne wani ya bi fayil ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, kuma dole wannan mutumin ya iya HTML. Manhajar sarrafa abin da ke cikin shafi, wadda masu sana'ar suke taƙaita sunanta da CMS, an ƙirƙiro ta ne domin ta raba abubuwa uku da a da suke manne da juna: abin da aka rubuta, da kamannin da zai fito da su, da injin da yake haɗa su. Rubutu yana zaune a rumbun bayanai, kamanni suna cikin wasu fayiloli da ake kira jigo, injin kuwa shi ne manhajar kanta. Duk abin da zan faɗa daga nan har ƙarshe ya rataya ne a kan wannan rabuwa.

Wurin da duk waɗannan suke zaune shi ne sabar, wato kwamfuta ce da ba a kashewa, tana cikin wani gini mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, mai yiwuwa a Duwala ko Yawunde, amma sau da yawa a Faransa ko wata ƙasar Turai. A kan wannan kwamfuta akwai manhajar da take karɓar baƙi, galibi Apache ko Nginx, akwai mai fassara harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fito da shi a 1995 kuma da shi aka rubuta WordPress, sannan akwai rumbun bayanai na MySQL ko ƙanwarsa MariaDB. Dukkansu masu buɗaɗɗen tushe ne, wato rubutun umarninsu a fili yake kuma kowa yana iya amfani da su kyauta, abin da ya sa hayar wuri a sabar irin wannan ba ta da tsada sosai.

Bari mu bi sanarwa ɗaya daga hannunka har zuwa idon mai karatu. Ka dawo daga kasuwa da yamma, ka buɗe burauza a wayarka ko a kwamfutar ofis, ka rubuta adireshin shafinku tare da /wp-admin a ƙarshensa, sai a nemi sunanka da kalmar sirri. Manhajar ba ta ajiye kalmar sirrinka yadda ka rubuta ta ba. Ta mayar da ita wani dogon jerin haruffa ta hanyar lissafin da ba a iya juya shi baya, kuma duk lokacin da ka zo shiga sai ta sake yin lissafin a kan abin da ka rubuta ta gwada ko sun dace. Da ka shiga sai ka ga allon gudanarwa, wanda a nan ƙasar galibi da Faransanci ake saita shi. Ka zaɓi sabon rubutu, ka sa kanun "Farashin buhun albasa na wannan mako", ka rubuta bayanin, ka ɗora hoton buhunan da ka ɗauka a bakin mota, ka zaɓi rukunin "Farashi", sannan ka danna maɓallin wallafawa.

A wannan lokacin babu wani sabon shafi da aka ƙirƙira. Abin da ya faru shi ne an ƙara layi ɗaya a wani jadawali mai suna wp_posts a cikin rumbun bayanai, kuma layin yana ɗauke da lambar rubutun, da kanunsa, da jikinsa, da ranar da aka wallafa shi, da lambar wanda ya rubuta, da alamar cewa an wallafa shi ne ba daftari ba. Sunanka yana wani jadawalin daban mai suna wp_users, rukunin "Farashi" yana nasa jadawalin, saitunan shafin baki ɗaya suna cikin wp_options. Sabuwar WordPress tana zuwa da jadawali 12 irin waɗannan, kuma lambobi ne suke ɗaure su da juna. Hoton kuwa ba ya shiga rumbun, ana ajiye shi ne a wata jaka mai suna uploads, an jera shi bisa shekara da wata, kuma manhajar tana yanko ƙananan kwafi daga jikinsa nan take, ƙarami mai faɗin ɗigo 150, matsakaici mai 300, babba mai 1024, domin kada a tura wa mai ƙaramar waya hoto mai nauyin da bai buƙata ba. Rumbun yana riƙe da bayanin inda hoton yake ne kawai. Ka riƙe wannan, domin zai yi amfani idan mun zo maganar kwafin ajiya.

Washegari wani ɗan kasuwa a Kuseri, ko a hayin kogi a Njamena, ya danna mahaɗin da aka turo masa ta WhatsApp. Wayarsa ta fara tambayar tsarin DNS, wanda shi ne littafin adireshin intanet, cewa wace kwamfuta ce take da wannan suna, aka ba ta lambar sabar, ta aika buƙata. Apache ko Nginx ta karɓi buƙatar ta miƙa wa wani fayil mai suna index.php, shi kuma ya tayar da injin gaba ɗaya. Injin ya karanta wp-config.php, inda aka rubuta sunan rumbun da mabuɗinsa, ya haɗu da rumbun, ya loda duk ƙananan manhajojin ƙari da aka kunna, ya dubi adireshin da aka nema ya gane cewa rubutu guda ake so, ya tambayi rumbun cikin harshen SQL ya ba shi layin da ya dace, sannan ya nemi fayil ɗin jigo da aka tanada domin nuna rubutu guda. Idan bai samu na musamman ba sai ya gangara zuwa na gama-gari. Ya zuba kanu a gurbin kanu, jiki a gurbin jiki, ya sa tambarin ƙungiya a sama da lambar waya a ƙasa, ya fitar da HTML ya mayar wa wayar ɗan kasuwar, ita kuma ta nemi hotuna da fayilolin ado ta zana shafin a allo. Duk wannan yana faruwa cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka idan sabar tana da lafiya.

Wato shafin da mai karatu yake gani babu shi a ajiye a ko'ina kafin a neme shi, kamar kofin shayi a teburin mai shayi: ganye da madara da sukari suna nan kowanne a mazubinsa, amma sai mai saye ya zauna a benci ake haɗa masa. Saboda haka ne idan lambar wayar ofis ta canza, wuri ɗaya za ka gyara, duk shafuka su fito da sabuwar. Saboda haka ne kuma za a iya sauya kamannin shafin baki ɗaya cikin minti ɗaya ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na rubutunku ba.

Wannan tsari yana da nasa nauyin. Idan mutum dubu suka buɗe sanarwar farashi cikin sa'a ɗaya, sabar za ta maimaita aikin nan sau dubu, kuma ƙaramar haya da kuke raba kwamfuta ɗaya da ɗaruruwan wasu shafuka ba ta jure haka. Maganin shi ne ajiyar wucin gadi, inda ake haɗa shafin sau ɗaya a ajiye kwafinsa a riƙa miƙa wa duk wanda ya zo, har sai an gyara rubutun ko wa'adin kwafin ya ƙare. Idan wata rana ka gyara farashi amma ka ga tsohon yana nan, kada ka ɗaga hankalinka, yawanci wannan ajiyar ce ba a share ba. Ga masu karatunku, waɗanda akasarinsu da waya suke shiga kuma da kuɗinsu suke sayen data, abin da ya fi jinkirta shafi ba aikin sabar ba ne, nauyin hotuna ne da tarkacen ado. A ganina jigo mara kwalliya wanda yake buɗewa da sauri a ƙauyen da sabis yake da rauni ya fi mai hotuna masu yawo da zai burge shugabannin ƙungiya ranar buɗewa, sannan manomi ya gaji da jira ya rufe.

Yanzu ga maganar ƙari, wadda ita ce ƙarfin WordPress kuma ita ce rauninta. Injin kansa abubuwa kaɗan ya iya: rubutu, shafuka, hotuna, sharhin masu karatu, da rajistar masu amfani. Amma waɗanda suka rubuta shi sun bar ɗaruruwan wurare a cikin tafiyarsa da suke kira ƙugiyoyi, inda wata manhaja daga waje za ta iya rataya nata aikin. Akwai ƙugiya a daidai lokacin da aka wallafa rubutu, saboda haka wani zai iya rubuta ɗan ƙarin da zai ce duk sa'ad da aka iso nan a aika wa mambobi saƙon imel. Akwai ƙugiya a daidai lokacin da za a nuna jikin rubutu, saboda haka wani ƙarin zai iya karɓar rubutun ya liƙa maɓallin turawa ta WhatsApp a ƙarshensa kafin ya wuce. Ta wannan hanya ake mayar da WordPress kantin sayar da kaya da WooCommerce, ko shafi mai harsuna da yawa da Polylang, ba tare da an taɓa injin ba. An shigo da tsarin ƙari a 2004, na jigo kuma a 2005, kuma a yau taskar WordPress tana da ƙari na kyauta kusan dubu 60. Abin lura shi ne kowane ƙari da aka kunna yana da cikakken iko a kan rumbun bayananku daidai da injin kansa, kuma mutane daban-daban ne suka rubuta su, wasu ƙwararru, wasu 'yan koyo, wasu kuma sun daɗe da watsar da aikin.

Akwai kuma matakan iko, waɗanda ƙungiyoyi da yawa ba sa amfani da su. WordPress tana da guda biyar: mai gudanarwa wanda yake iya komai har da goge shafin, edita wanda yake iya wallafawa da gyara rubutun kowa, marubuci wanda yake wallafa nasa kaɗai, mai ba da gudummawa wanda yake rubutawa amma sai an duba kafin a wallafa, da mai rajista wanda karatu kawai yake yi. Wakilinku na kasuwar Garwa ya isa a ba shi matakin mai ba da gudummawa, kai ka zama edita a aikinka na yau da kullum, a ajiye matakin mai gudanarwa sai ranar da ake buƙatarsa. Raba kalmar sirri ɗaya ga mutum shida shi ne hanyar da aka fi saurin rasa shafi, kuma idan ɓarna ta auku ba a sanin wanda ya yi.

To, mene ne buɗaɗɗen tushe? Kowace manhaja tana da rubutun umarnin da masu shirya ta suka rubuta. Kamfanoni da yawa suna ɓoye nasu, su ba ka izinin amfani kawai. WordPress kuwa tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya rubuta a 1989, kuma lasisin ya ba kowa damar amfani da manhajar a kan kowace irin manufa, da karanta rubutunta, da gyara shi, da raba wa wasu, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya raba abin da ya gyara dole ya bar wa na gaba irin wannan dama. Ita kanta WordPress ta wannan ƙofa ta shigo duniya. Akwai wata manhaja mai suna b2/cafelog ta wani Bafaranshe, Michel Valdrighi, wadda aikinta ya tsaya, sai Matt Mullenweg daga Amurka da Mike Little daga Ingila suka ɗauki rubutunta suka ci gaba da shi, suka fitar da WordPress a watan Mayun 2003. Ba su nemi izinin kowa ba domin lasisin ya riga ya ba su. Haka Joomla, wata manhajar CMS, ta ɓalle daga takwararta Mambo a 2005 lokacin da masu aikin suka saɓa da kamfanin da yake riƙe da sunan, haka kuma MariaDB ta fito daga MySQL a 2009. Amfanin wannan a gare ku a aikace shi ne babu wani kamfani da zai wayi gari ya rufe manhajar ya bar ku a rana, kuma idan kun raba gari da wanda ya gina muku shafi, duk wani wanda ya iya WordPress a Marwa ko Ngaundere zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya. Masu iyawar kuwa suna da yawa, tunda ƙididdigar W3Techs, mai bin diddigin manhajojin da shafuka suke amfani da su, ta nuna sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya da ita suke aiki.

Kuɗin da aka kawo muku lissafinsa ba na manhajar ba ne. Na farko kuɗin suna ne, wato adireshin shafin, wanda haya ake yi duk shekara, ko mai ƙarewa da .cm na Kamaru wanda hukumar ANTIC take kula da shi, ko .td na Chadi, ko .org da .com na kowa da kowa. Na biyu hayar wuri ne a sabar, domin wuta da sanyaya ɗaki da layin intanet da ma'aikatan da suke tsaronta ba kyauta ba ne. Na uku ladan aikin matashin ne, na gini da na kulawa, kuma wannan haƙƙinsa ne. Wani lokaci akwai na huɗu, idan an zaɓi jigo ko ƙari na saye, waɗanda galibi kuɗin sabuntawa da tallafi ake biya musu shekara-shekara. Abin da bai kamata a caje ku kuɗi mai yawa a kansa ba shi ne takardar shaidar tsaro da take sa adireshi ya fara da https, domin tun 2015 wata cibiya mai suna Let's Encrypt take bayar da ita kyauta, kuma yawancin masu ba da haya suna sabunta ta da kansu. Ka nemi a rarrabe maka lissafin gida-gida a rubuce. Ka kuma tambaya ko WordPress ta wordpress.org ce za a ɗora a sabar da kuka yi haya, ko kuwa hidimar wordpress.com ce ta kamfanin Automattic, domin suna ɗaya ne amma sharuɗɗan sun bambanta, kuma a ta biyun abin da za ku iya girkawa ya danganta da matakin kuɗin da kuka biya.

Sai tambayarka ta uku, wadda ta fi sauran nauyi. Gaskiya ne mai mugun nufi yana iya karanta rubutun manhajar yana neman kafa, amma haka ma dubban masu bincike da kamfanonin da abincinsu ya dogara da ita suke karantawa, kuma idan an gano kafa ana toshe ta a fitar da sabuntawa. Ɓoye rubutun manhaja bai taɓa hana a fasa ta ba, manhajojin da aka rufe ma ana fasa su kullum. Haɗarin na gaskiya yana wani wuri dabam. Ranar da aka fitar da gyara, ranar ce duniya take sanin inda kafar take, kuma daga wannan lokaci tsere ne tsakanin mai shafi da masu kutse. A watan Oktoban 2014 an sanar da wata babbar kafa a Drupal 7, wata manhajar CMS irin WordPress, kuma daga baya masu kula da tsaronta suka ce duk shafin da bai sabunta ba cikin sa'o'i bakwai da sanarwar, a ɗauka an riga an shige shi. Masu kai harin ba sa zama su zaɓi wanda za su kai wa. Na'urori suke saki suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, saboda haka kada wani ya ce muku ƙungiyar albasa ba ta da abin da za a sata. Sabar ɗinku suke so, su riƙa aika saƙonnin damfara da ita ko su cusa tallan caca a shafinku.

Injin WordPress kansa yana sabunta ƙananan gyare-gyaren tsaro da kansa tun 2013, kuma mafi yawan kafofin da ake ganowa a cikin ƙari da jigogi suke, ba a cikin injin ba. Daga nan shawarata take fitowa. A taƙaita ƙari zuwa abin da ba makawa, a goge wanda ba a amfani da shi maimakon a kashe shi kawai, a duba ranar da aka sabunta kowanne kafin a girka, kuma a guji jigogin saye da ake rabawa kyauta a wasu shafuka ko a filasha daga hannu zuwa hannu, domin sau da yawa an dasa musu ƙofar baya tun kafin su iso gare ku. Yarjejeniyarku da matashin ta ƙunshi wanda zai riƙa shiga yana sabuntawa aƙalla sau ɗaya a wata. Shafin da aka gina aka yi bikin buɗewa aka manta da shi shekara biyu shi ne wanda ake wayar gari a ga ya koma tallan magani da wani harshe.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wato haruffa. Idan za ku yi rubutu da Hausa, kuna buƙatar ƙ da ɗ da ɓ, idan da Fillanci ne akwai ŋ da ƴ a kan waɗannan, ga Faransanci da wasullansa masu alama a ka, ga Larabci da ajami da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, wanda masu karatunku na Chadi za su so. Tsarin ajiye haruffa na UTF-8 yana ɗaukar dukkansu, kuma da shi WordPress take aiki, saboda haka rumbun ba zai ba ku matsala ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne salon haruffan da jigo ya zo da shi, domin da yawa daga cikinsu ba a zana musu haruffa masu lanƙwasa ba, sai ka ga ƙ ta fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma ko ta zama ɗan akwati. Kafin ku amince da jigo, ka rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da duk waɗannan haruffa, manya da ƙanana, ka buɗe ta a tsohuwar waya mai arha, ba a wayar wanda ya gina shafin ba.

WordPress ba ita kaɗai ba ce, ko da yake duk tsarin aikinsu ɗaya ne. Drupal, wadda Dries Buytaert ɗan Beljiyam ya fitar a 2001, ta fi dacewa da manyan hukumomi da jami'o'i masu bayanai iri-iri, amma tana buƙatar ƙwararre a kusa. SPIP ta fito daga Faransa a shekarar 2001 ita ma, an gina ta ne domin jaridu da ƙungiyoyi masu marubuta da yawa, kuma ta samu karɓuwa a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ga ƙungiya irin taku ba na ganin dalilin barin WordPress, kuma dalilina na samun mai gyara ne, ba na fifikon fasaha ba. Da a ce shafuka uku kawai kuke so waɗanda ba za su canza ba a shekara, da na ce ba ku buƙatar CMS sam, fayilolin HTML zalla sun isa kuma babu abin da za a sabunta. Amma farashi yana canzawa duk mako, kuma kai ne za ka riƙa sa shi ba matashin ba, wannan kuwa shi ne ainihin aikin da aka yi manhajar dominsa.

Abin da ya rage shi ne mallaka, kuma a nan ne ƙungiyoyi suka fi cutuwa ba tare da kowa ya yi niyyar cutarsu ba. Kamfanonin haya na waje da yawa katin banki suke karɓa, saboda haka mai gina shafi yakan biya da katinsa ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa domin sauƙi. Bayan shekara biyu ya samu aiki a Duwala ko ya canza lamba, wa'adin sunan ya ƙare, saƙon tunatarwa yana zuwa akwatin da ba mai buɗewa, shafin ya ɓace, wani lokaci ma wani ya saye sunan. Ku buɗe imel na ƙungiya, a yi rajistar suna da haya da shi, kuma idan biyan kuɗi ne matsala akwai masu ba da haya a cikin gida da suke karɓar Orange Money ko MTN Mobile Money. A rubuta kalmomin sirri na mai gudanarwa, da na wurin haya, da na rajistar suna a takarda, a sa a ambulan a ajiye wurin ma'aji.

Game da kwafin ajiya, ka tuna cewa injin ana iya sauko da shi sabo a kowane lokaci, jigo da ƙari ma haka. Abin da babu shi a ko'ina a duniya sai a sabar ɗinku abu biyu ne: rumbun bayanai, wanda ake fitarwa a fayil ɗaya mai ƙarewa da .sql, da jakar wp-content, wadda jakar uploads take cikinta, inda hotunanku da takardunku suke. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya, ko dai ya samu rubutu babu hotuna ko hotuna babu rubutu. A riƙa ɗaukar kwafin biyun tare, duk mako idan kuna wallafawa duk mako, a ajiye shi a wani wuri da ba sabar ba, ko da filasha ce a aljihun teburin ofis. Kafin ku biya matashin kashi na ƙarshe na kuɗinsa, ka nemi ya zauna a gabanka ya girka XAMPP a kwamfutar ofis, wadda take mayar da kwamfuta ƙaramar sabar ba tare da intanet ba, ya tayar da shafin daga kwafin da ya ba ku, ka buɗe sanarwar farashin albasa ka tabbatar rubutun da hoton duk sun fito.